Kwalbar da Gwaggo Ta Ɗaura Mana Daga Bande

Assalamu alaikum. Sunana Barira, a Magaria nake, kuma ban saba kai maganar gidanmu waje ba. Ko a aji, in mushe, wato malaminmu, ya yi tambayar da na san amsarta, sunkuyar da kai nake yi in bar wani ya faɗa. Amma wata goma ke nan abin nan yana cina, kuma duk gidan da na shiga na ga an buɗe firigo, wato firij, sai gabana ya faɗi. Shi ya sa na ɗauko kayen, wato littafin da na riƙa rubuta jinyar mahaifiyata a ciki, na ce bari in maida shi labari, ko Allah zai sa wani gida ya tsira.

Mu uku ne a gidan: ni, da Inna, da Baba, tsohon mushe ne da ya ajiye alli shekaru biyar da suka wuce. Yayyena duk sun watse, babbansu yana kasuwanci a Kano, shi ne ma ya aiko mana da firigo na hannu. A lungunmu mu kaɗai ke da shi, don haka ya zama na kowa. Wannan ta kawo ruwa, waccan ta kawo ragowar miya, wata kuma zobon sayarwa. Ƙofarsa ba ta minti goma a rufe. Ga bazara, wuta kuwa in ta tafi da hantsi, sau da yawa sai bayan la'asar. In ka sa hannu ciki da azahar, ɗan sanyin da za ka ji bai wuce na randa ba. Duk da haka mun ɗauka abin da ya shiga firigo ya shiga amana.

Inna tana da hawan jini, ƙwaya ɗaya take sha kowace safiya. Ni ke ba ta, domin ni ce ba na mantuwa.

Bayan ƙaramar Sallah da mako biyu aka yi suna a Bande, gidan Gwaggo Lantana, yayar Baba. Ɗiyarta ce ta haihu. Inna tana cikin matan da suka yi girki, ni kuma ina gefe ina yankan salati. A wajenmu in an gama biki, abin da ya rage na mai da shinkafa da kayan miya, rabawa ake yi tsakanin matan da suka sha hayaƙi, kuma ba a mayar da rabo, rashin kunya ne. Rabon Inna ya faɗa kan wata ƙatuwar kwalbar mayonez da aka ci rabinta.

Na san tarihin kwalbar nan, domin a gabana ta wuni. Tun safe aka buɗe ta, aka ajiye ta bakin rumfa kusa da farantin da ake yanka kaji, rana tana dukanta. Cokalin da aka juya ƙwai da shi ya shiga. Wata ta taso daga kan ɗanyen kaji, ta goge hannu a zane, ta ɗiba. Murfin ma sai da aka neme shi da yamma, aka same shi ƙarƙashin tabarma.

Gwaggo da kanta ta ɗaure ta a leda ta miƙa wa Inna. Ta ce, “Ungo, matar ƙanena. Ke ce mai firigo, ke ta dace da ita. Ki jefa ta ciki, sai ta kai ki damina.”

Muka ɗauko ta a moto, wato babur ɗin Baba, cikin zafin nan, aka sa ta a jikin ƙofar firigo. Inna ce mai son ta. Kullum da safe ta shafa a burodi, ta lashe cokalin, ta sake mayar da shi ciki. A kwana na biyar na ciro ta zan miƙa mata, ina murɗa murfin na ji ya yi fus. Wani ruwa rawaya ya taru a sama, ga ɗan tsami-tsami da ya bugi hancina. A shekarar ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, ina shirin jarrabawar fita ta bak, kuma mun karanta yadda ƙwayoyin cuta ke hayayyafa cikin abinci. Na sani sarai. Amma abin da ya iya fita daga bakina shi ne, “Inna, abin nan kamar ya canza.”

Ta ce, “Ya canza me? A firigo fa yake.” Ta sa cokali ta juya, ruwan ya ɓace.

Baba yana kan kujera da rediyonsa, ya ce, “To, masu bak sun fara. Gobe sai ki ce tuwo ma sai an kai shi awo.”

Suka yi dariya, ni ma na yi murmushi na koma kan littafina. Kyautar Gwaggo ce, yayar Baba. Ban ga ta inda zan ce a zubar ba.

A kwana na tara ciwon ya taso. Murɗawar ciki da hantsi, sai amai, sai gudawa kamar an buɗe famfo, kafin la'asar jikinta ya yi zafi rau. Baba, wanda ya ɗan taɓa burodin sau ɗaya, shi ma cikinsa ya ɓaci wuni guda ya warware, amma ba wanda ya haɗa biyun. Aka ce masassarar bazara ce. Maƙwabta suka cika gidan, kowa da maganinsa. Wata ta ce a jiƙa sabara. Wata ta ce lemun tsami da kanwa. Wata dattijuwa da muke ganin girmanta ta ce, “Ku rage mata ruwa. Ruwan da kuke ɗura mata shi ne ke fita, in ba a zuba ba me zai gudana?” Maganar ta shiga kunnen kowa. Inna tana cewa ƙishirwa, ana jiƙa mata leɓe kawai.

Gwaggo ta iso daga Bande a rana ta biyu da sassaƙe a gefen zane, ta karɓi jinyar. Da Inna ta yi kukan ciwon gaɓoɓi, aka sayo jajayen ƙwayoyi wajen mai tebur a tasha, biyu da safe biyu da yamma. Ni kuma ban fasa ba ta ƙwayar hawan jininta ba ko sau ɗaya, ina ganin nan ne nawa taimakon. Tun ranar farko na ware kaye ina rubuta komai: abin da ta sha, sau nawa ta zaga, ƙarfe nawa. Ba wanda ya sa ni. Haka nake, in hankalina ya tashi sai in nemi bik in hau rubutu.

A rana ta huɗu gudawar ta ragu. Gwaggo ta ce, “Alhamdu lillahi, sassaƙe ya kama.” Amma idanun Inna sun faɗa, harshenta ya bushe kamar fata, in na ja fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye. Da na duba kayena a rana ta biyar, na ga tun jiya da safe ban rubuta fitsari ba. Na nuna wa Baba shafin. Yana cikin dubawa, Inna ta kalle ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu kafin a haife ni, ta ce in je in kwance awaki. Ba mu da akuya ko ɗaya. Baba ya ajiye kayen, ya fita neman mota ba takalmi a ƙafarsa.

Mun isa asibiti ƙarfe takwas, muka tarar da layi har bakin ƙofa, yawanci mata da yara masu zazzaɓi, wasu tun daga Kwaya da Sassumbrum a amalanke. Muka karɓi tikiti muka zauna. Azahar ta kusa ba a zo kanmu ba. Ba na zargin kowa, ma'aikatan ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ban ga ɗayansu ya zauna ba. Amma wanda bai taɓa riƙe uwarsa a kan benci tana zamewa yana tallabo ta ba, bai san tsawon awa huɗu ba. Wani ma'aikacin jinya da ke wucewa ne ya kalle ta sau ɗaya, ya ce, “Wannan ba ta layi ba ce,” ya ɗauke ta da kansa. Ban san sunansa ba. Allah ya san shi.

Sai da aka soke ta wuri biyar kafin a sami jijiya. Aka sa serom, wato ƙarin ruwa, leda ɗaya, biyu, uku. Fitsari shiru. Washegari sakamakon jini ya fito, likitar ta zo, wata siririyar mata mai tabarau. Ta tsaya bakin gado ta ce, “Me ta ci kafin ciwon? Me kuka ba ta a gida?”

Gwaggo ta ce, “Abincin gida, likita. Abin da kowa ke ci.”

“Magani fa?”

“Ɗan na gargajiya ne, ba wani abu ba.”

Likitar ta juyo ta gan ni a bango rungume da kaye. Ta ce, “Ke, me kike ɓoyewa a nan?” Na miƙa mata. Ta karanta shafi uku a tsaye, ta ɗago ta ce, “Jajayen ƙwayoyin nan kwana uku? Da na hawan jini a kai? Ruwa kuma rabin kofi a wuni?” Ta sake duba kayen. Ta ce, “Kin rubuta abin da ya biyo baya. Na gabansa fa? Akwai abin da take ci wanda ku ba ku ci?”

Gwaggo tana gefena, ina jin numfashinta. Na kalli ƙafafun Inna da suka fara kumbura. Sai na faɗa, duka: rumfar Bande, farantin kaji, moto, ƙofar firigo, ɗauke wuta, ƙarar murfin, har da cewa na gani a kwana na biyar na yi shiru. Ban tsallake komai ba.

Gwaggo ta ce, “To. Ashe ni na kashe ta. Na gode, ɗiyar ƙanena.” Ta ɗauki mayafinta ta fita. Baba ya bi ta har tasha, ba ta juyo ba.

Likitar ta cire tabarau ta murza ido. Maganar da ta yi har yau tana kunnena. Ta ce, “Firigo barci yake sa ƙwayar cuta, in sanyi ya tafi ta farka ta ci gaba daga inda ta tsaya. Amma gudawar kaɗai da ba ta kai ta nan ba. Ƙodarta ce ta ji ƙishirwa kwana biyar, kuka bi ta da ƙwayoyi. Yanzu ta tsaya. Ko ta tashi ko ba ta tashi ba, nan ba mu da abin taimaka mata. Damagaram za ku.”

A ambilans muka tafi. Hanyar ta ratsa ta Bande, na hango bakin lungun su Gwaggo ta taga, na kau da kai.

Mako na biyu a Damagaram muka yi shi, kuma shi ne mafi muni. Aka sa wa Inna robar fitsari da leda a gefen gado, aka ce in riƙa duba abin da ya taru safe da yamma. Ranar farko bai cika kofin shayi ba, kuma launinsa kamar shayin. Fuskarta ta kumbura har idanun suka zama tsaga. Ga shaƙuwa ba tsayawa, ga ƙaiƙayi, tana susa har jini. Wani abin takaici, yanzu da muka gane darajar ruwa, likitoci suka ce a auna mata shi, tunda ba ya fita. A gida mun hana ta da jahilci, a nan muna hana ta da umurni. Tana cewa, “Barira, ko murfin buta,” ina cewa, “Inna, sai an jima.”

Kalma ɗaya na koya a can, kreyatinin. Likitan ƙoda, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce dattin jini ne da ƙoda ke fitarwa, na Inna kuma kullum hawa yake. Ya ce in bai sauka ba cikin kwana biyu, sai an ɗora ta a injin wankin jini. Bai sauka ba.

Kuɗi kuwa, kowace safiya da takardar maganinta, kowace takarda da farmasin da za a je nema. Akwai ranar da Baba ya zaga farmasi huɗu a kabu-kabu kan allura ɗaya. Ya sa aka sayar da motonsa a Magaria. Yaya na Kano ya aiko da naira mai kauri, da aka canza ta zuwa sefa sai ta koma ƴar jaka kaɗan, Baba ya kalli abin da ke hannunsa ya ce, “Ita ma ƙodarta ta tsaya.” Wannan ce kaɗai dariyar da na ji ya yi a watan.

Masu jinya a tsakar asibiti muke wuni, kowa da tabarmarsa ƙarƙashin dogon yaro. Maƙwabciyar tabarmata Iya Falmata ce, wata Babarbariya da ke jinyar mijinta wata na biyu. Ita ta koya mini inda ake samun ruwan zafi, da lokacin da ya dace a tari likita da tambaya. Tana ce mini “Madam Kaye”. In ta ga na zauna ina kallon ƙasa sai ta turo mini kwano ta ce, “Ci, Madam Kaye. In kin faɗi, wa zai rubuta faɗuwarki?”

Sau biyu aka ɗora Inna a injin, da bututu a wuyanta, awa huɗu-huɗu. Ba a barin mu shiga. Bayan na farko hankalinta ya dawo, ta gane ni, ta tambayi wa ke ba kajinta ruwa. Amma ledar gefen gado tana nan yadda take. Likitan ya ce mana gaskiya: wasu ƙodarsu tana farkawa cikin mako biyu ko uku, wasu kuma injin ne abokinsu har ƙarshen rai, sau biyu kowane mako. Na yi lissafin nisan Magaria da Damagaram, na kalli Baba, na ga shi ma abin da yake lissafawa ke nan. Mun san ba za mu iya ba. In ƙodar ba ta tashi ba, gida za mu mai da ita mu zuba ido.

A farkon mako na uku, da hantsi, na dawo daga ɗibar ruwa na tarar da Gwaggo zaune bakin gadon tana matsa wa Inna ƙafa. Na gaishe ta, ta amsa ba ta kalle ni ba. Daga baya Baba ya gaya mini ta sayar da buhunan gyaɗarta uku ta kawo kuɗin. Ya ce kuma da ta koma Bande ta bi gidajen matan da suka yi girki ɗaya bayan ɗaya, ta tarar biyu daga cikinsu sun kwanta da gudawa bayan sunan, kowace ta ɗauka nata ne ita kaɗai. Kwana uku muna jinya tare, ba ta ce mini ko ungo ba. In tana son abu sai ta ce wa bango, “A miƙo buta.”

Ranar Alhamis bayan azahar ina waje ina wankin zanen Inna, sai na ji muryar Gwaggo ta taga, da ƙarfi, yadda take kira a gona: “Ke mai kaye! Ina kike? Zo ki rubuta!”

Na shigo da kumfa a hannu. Tana durƙushe a ƙasa ta tallabi ledar da hannu biyu kamar jariri. Ta kusa rabi, kuma ruwan ya yi haske. Muna kallo wani ɗigon ya gangaro ta robar, wani ya biyo shi. Gwaggo ta saki guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, ma'aikaciya ta leƙo za ta yi faɗa, ta ga ledar, ta fasa. Iya Falmata ta shigo da gudu ta ce, “La ilaha illallahu! Na je biki na je suna, yau na ga an yi wa fitsari guɗa.” Na buɗe kaye zan rubuta, sai na tsaya ina kallon ledar. Gwaggo ta ce, “Rubuta mana. Ba ke ce ba kya tsallake komai ba?” Ta ja ni ta zaunar kusa da ita.

Kwana biyu bayan haka mijin Iya Falmata ya rasu. Ta naɗe tabarmarta, ta bar mini ƙaramin murhunta, ta ce in na tashi tafiya in ba wadda ta zo sabuwa.

Mun dawo Magaria bayan kwana ashirin da shida. Bak ɗin shekarar na zauna, ban samu ba, ina maimaita aji. Wannan bai dame ni ba sosai.

Abin da nake roƙon duk wanda ya karanta shi ne ya dubi firigonsa da idon gaskiya. In wuta tana wuni ba ta nan, ko ƙofar ba ta hutawa, to akwati ne mai ɗan sanyi. Abin da ya riga ya wuni a rana a buɗe, sanyi ba zai gyara shi ba, ko wa ya ba ka. Yanzu a gidanmu ƙaramar kwalba muke saye wadda za ta ƙare cikin kwanaki, in rubuta ranar buɗewa a murfin, a ajiye ta can ciki inda sanyi ya fi daɗewa, ba a jikin ƙofa ba. Cokali busasshe mai tsabta ke shiga, sau ɗaya, wanda ya taɓa baki ba ya komawa. Tumatirin gwangwani in an buɗe, juye shi muke yi a kwalba mai murfi mu rufe samansa da mai. In murfi ya kumbura ko ya yi ƙara, ko wuta ta wuni ba ta dawo ba, ba na tambayar kowa, zubarwa nake yi. Mai gudawa kuma a ba shi ruwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a yi ta ba shi, a bar ƙwayoyin tebur, in yana shan wani magani kullum a tambayi likita. In ya wuni bai yi fitsari ba, kada a jira gobe.

Ina godiya ga likitocin nan biyu, da ma'aikacin da ya ɗauke ta daga benci, da Iya Falmata duk inda take, da Gwaggo. Amma ba zan ce komai ya koma daidai ba. Duk wata biyu muna zuwa Damagaram awon jini. Likitan ya ce ƙodar ta tashi, sai dai ba ta tashi duka ba, kuma abin da ya tafi ya tafi. An hana ta gishiri, an hana ta kilishi da take so, an canza mata maganin hawan jini. A zuwanmu na ƙarshe, ana saura mako uku azumi, ta tambaye shi da kanta ko za ta iya ɗauka. Ya ce, “Hajiya, ƙodar da ta sha ƙishirwa irin wannan ba a sake gwada ta. Ki ciyar.” Ta ce ko na kwana goma. Ya girgiza kai.

Yau azumi goma sha ɗaya. Inna tun tana shekara goma sha biyu take azumi, ba ta taɓa shan na ganganci ba. Ita ke tashinmu sahur, ita ke dama kunun buɗa-baki, ba ta yarda kowa ya taɓa. Da azahar kuma in kai mata kofin ruwa da ɗan tuwo marar gishiri ɗakinta, tunda likita ya ce kada ta tsallake. Tana karɓa, ta juya fuskarta wajen bango, ta ce a hankali, “Ja mini ƙofar, Barira, kada yaran maƙwabta su gani.”

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya ba masu jinyarsu haƙuri da bakin magana.